Kayan Gado a Kudancin Kano: Darajarsu Na Ga Sanin Hannun Da Ya Yi Su

Duk lokacin da aka zauna rabon gado a garuruwan kudancin Kano, hankalin magada kan tafi ne ga gona da gida da shanu da abin da ke banki. Sauran abin da ke ƙuryar ɗaki, kamar tsohuwar rigar saƙi da ke cikin adaka, da tasoshin tagulla da suka yi duhu, da akusa, da likkafar da rabon a ɗaura wa doki ita tun zamanin kaka, sai a kira shi tarkace. Wani a bar wa yara su yi wasa, wani gara ta cinye, wani kuma 'yan gwangwan su ɗora a sikeli su biya kuɗin kilo.

Irin waɗannan kaya ne kuwa ake ajiyewa a bayan gilashi a gidajen tarihi na Landan da Balin da Washinton. Sai dai wanda ya duba 'yar takardar da ake liƙawa kusa da su zai tarar da abu guda yana maimaituwa: “Hausa, arewacin Najeriya,” sai kintacen ƙarni. Ba kasafai ake ganin sunan gari ba, balle na wanda ya saƙa ko ya zana ko ya ƙera. A kasuwar kayan tarihi ta duniya kuwa, tsufa kaɗai ba ya sa wa abu tsada. Abin da ke ɗaga darajarsa shi ne a san wa ya yi shi, a ina, yaushe, da hannuwan da ya bi kafin ya iso inda yake. Wannan sanin yana nan a bakin tsofaffin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, kuma ya fi kayan kansu saurin salwanta.

Abin da kudu ta ba kasuwar Kano

Bebeji tsohon gari ne mai ganuwa a kan hanyar Kano zuwa Zariya. Baturen nan mai yawon bincike, Hugh Clapperton, ya ratsa ta cikinsa a 1826, ya kuma bayyana shi da babban gari mai hada-hadar ciniki. Yana cikin garuruwan da Agalawa suka zauna, fataken da ke ɗaukar tufafi da kanwa da kayan fata zuwa Gwanja su komo da goro. A cikinsu aka haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877. A nan ne kuma rundunar Turawan Ingila ta fara cin karo da turjiya a farkon Fabrairun 1903 a hanyarta ta zuwa Kano, inda ta fasa ƙofar garin da igwa. Garin da fatake suka yi ƙarnuka suna shiga da fita, dole gidajensa su tara kayan nesa da na kusa.

Babbar hajar da fataken ke ɗauka ita ce tufa. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ƙasar ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Binciken da masanin tarihi Philip Shea ya yi a shekarun 1970 ya nuna cewa kaso mai yawa na saƙa da rini ba a cikin birni ake yin su ba, a garuruwan karkara ne, musamman na kudu. Shi ya sa baƙin rawanin nan mai sheƙi da Buzaye ke ji da shi ake kiran sa ɗan Kura. Amma da zarar kaya sun shiga Kasuwar Kurmi, wadda ta kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, sai su zama “kayan Kano,” sunan ƙauyen da aka yi su ya tsaya a ƙofar gari.

Can ƙarshen kudu kuma akwai Riruwai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Doguwa. Tun kafin zuwan Turawa mutanen wurin ke wanke kuza suna narka ta, su zuba a gurbin da suka yi da tsinken ciyawa, ta fito siri-siri kamar kara. A haka ake kai ta kasuwanni, maƙeran fari su saya su shafe kayan tagulla da ita ko su haɗa kayan ado. Ganin waɗannan tsinkayen ƙarfe a hannun 'yan kasuwa na cikin abin da ya sa kamfanonin Turawa suka bazama neman tushensu a farkon ƙarni na 20. Da kamfanonin suka kama haƙar kuza gadan-gadan, sai narkar gargajiya ta mutu.

Dazukan yankin, irin na Falgore da ya ratsa Tudun Wada da Doguwa, su ne irin wuraren da masassaƙa ke samun itace mai ƙwari kamar ƙirya da maɗaci, na turmi da akushi da kujerar mata. Kasuwannin karkara irin na Kafin Maiyaƙi da Kwanar Ɗangora, inda hanyar Jos ta rabu da ta Zariya, har yau mahaɗa ce ta masu sana'ar hannu da masu saye.

Hannu nawa ne a riga ɗaya?

Dalili na biyu da ya sa sunaye suka ɓace shi ne yadda aikin yake a rarrabe. A ɗauki babbar riga ta da. Manomi ya noma auduga. Mata suka gurje ta, suka shiɓe, suka kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa ta ƙyalle-ƙyalle, kowane faɗinsa bai wuce 'yan yatsu ba. Marini ya tsoma a karofi, mabugi ya buga har ta yi sheƙi, maɗinki ya harhaɗa ƙyallayen. Idan ta tsamiya ce, wani ne ya shiga daji ya tattaro gidajen tsutsar da ake samun zaren daga gare su. Idan akwai alharini, ta Sahara ya ƙetaro daga Tarabulus.

Daga nan sai aikin ya iso hannun mai zane, wanda shi ne a yau za a kira mai tsara fasali. Sau da yawa malami ne da hannunsa ya saba da alƙalami da tawada. Shi ke zana aska biyu ko aska takwas a gaban riga, ya zagaya tambari, ya daidaita gidan biyar da dagi, ya auna yadda aikin zai hau kafaɗa ya sauka a baya. Sannan masu allura, galibi almajirai da magidanta masu neman na cefane, su bi layinsa wata da watanni. Kyan riga ko muninta daga wurin mai zanen yake, amma zare na rufe tawadarsa, rigar kuma ta tafi da sunan wanda ya saya. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

Haka abin yake a gini. Tsohon masallacin Bebeji yana cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa da gwamnatin tarayya ta ayyana, amma sunan da takardun hukuma suka ba shi, Masallacin Haɓe, zamani yake nunawa, bai ambaci magini ba.

Inda aka riƙe suna

Akwai wuraren da aka riƙe sunan gwani, kuma bambancin a fili yake. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a shekarun 1830, an san aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, shi ya sa ɗaliban zanen gini ke nazarinsa a matsayin aikin mutum mai salo nasa na kansa. A Jamhuriyar Nijar, masallacin ƙasa na garin Yama a jihar Tawa ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gini a 1986, aka kuma rubuta sunan magininsa, Falke Barmu.

David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya bi masu sana'a har gida yana rubuta sunayensu. Ta hanyarsa duniya ta san Alhaji Sanni, mai zanen aikin riguna a Kano, da Musa Yola, mai zanen bango. Shi ne ya shirya baje-kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. A fannin rubutun Alƙur'ani kuwa, al'adar marubuta ta sa sunansu a ƙarshen aiki ta taimaka ƙwarai, shi ya sa mutanen Kano ke gane hannun Sharu Bala Gabari.

Misalin da ya fi fitowa fili ga ɗan kasuwa shi ne na Ladi Kwali, maginiyar tukwane 'yar ƙabilar Gwari da hotonta ke bayan takardar Naira 20. Ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, a ƙarƙashin Michael Cardew. A can aka riƙa buga haruffan sunanta biyu a jikin abin da ta gina. Yau ana sayar da tukwanenta dubban fam a gidajen gwanjo na Ingila. Mata da yawa a ƙauyukan yankinta sun gina tukwane masu kyau a wancan zamani, amma nasu ba su da hatimi, don haka kasuwa ba ta san inda za ta ajiye su ba.

Mata ne suka fara tarawa

Masu cewa tara kayan ado ɗabi'ar Turawa ce sun manta da jere. Tun da daɗewa ɗakin amarya a ƙasar Hausa wurin baje-koli ne. An fara da ƙore masu zane da akusa da faya-fayai, aka zo kan tasoshin tagulla, waɗanda aka fi yabon na Bida. A ƙarni na 20 kwanonin sha da langa da fanteka masu fenti suka shigo daga Turai da Hong Kong, daga baya masana'antun cikin gida suka riƙa yin su. Bayansu tangaran da kabet suka karɓe wuri.

Jere ado ne, kuma asusu ne. Mace kan sayar da wani sashe idan buƙata ta taso, ta kuma ware wani don aurar da 'yarta. Uwargida ta san wanda uwarta ta ba ta, da wanda ta saya da kuɗin kaɗi ko na adashe, da shekarar da kowane yayi ya shigo. Abin da ma'aikatan gidajen tarihi ke kira asalin kaya, shi ne wannan da tsohuwa ke riƙe da shi a ka. Ranar da ta rasu ba a tambaye ta ba, kwanonin na nan amma rabin darajarsu ta tafi.

Yadda kaya ke fita, da yadda ake ruɗin mutane

Hausawa sun daɗe a cinikin kayan gargajiya. Littafin da Christopher Steiner ya fitar a 1994 kan kasuwar kayan fasaha ta Abidjan ya nuna irin ƙarfin da dillalai Hausawa ke da shi a wannan harka, daga masu zagaya ƙauyuka har zuwa masu rumfa da ke hulɗa da baƙi. Tsarin kusan ɗaya ne a ko'ina. Mai zagaye ya saya da araha, ya kai wa dillalin birni, shi kuma ya miƙa gaba. A kowane mataki kuɗi na ƙaruwa, labarin kayan na raguwa, domin dillali ba ya son a san inda ya samo.

Inda kuɗi suke kuma, jabu ba ya nisa. Ana binne sabon sassaƙa a ƙasa, ko a rataye shi a madafa hayaƙi ya dafa shi, ko a jiƙa tufa da ruwan goro, duk don a ce tsoho ne. Mai saye na iya kare kansa da 'yan dubaru. Zaren da aka kaɗa da hannu ba ya zuwa daidai, wani wuri kauri wani wuri siriri. Aikin allura ana gane shi ta bayan riga, inda ɗinkin ke ɗan karkacewa, saɓanin na keke da ke tafiya sak. Akushin da aka yi shekaru ana ci a ciki yakan siɗe a inda hannu da cokali ke taɓawa, ba ko'ina ba. A ƙarƙashin tsofaffin kwanoni akan sami tambarin ƙasar da aka yi su. Wanda ke ɗauke da sunan Chekoslobakiya, alal misali, an yi shi ne tsakanin 1918 da 1992, iyakar rayuwar ƙasar ke nan.

Masu kaya ma ana ruɗinsu ta wata fuskar. Dalar azurfa mai hoton sarauniya Mariya Teresa, wadda mata ke yin ado da ita, tana ɗauke da shekarar 1780, amma an ci gaba da buga ta da wannan shekarar har zamanin nan, saboda haka lambar ba ta nuna tsufanta. Anini da kwabo mai huji, waɗanda aka fara bugawa a 1907, an yi su miliyoyi, mafi yawansu ba su da wata tsada. Jita-jitar da kan taso lokaci-lokaci cewa akwai wani sinadari mai tsadar gaske a cikin tsohon dutsen guga ko tsohon keken ɗinki ba ta da tushe, 'yan damfara ne ke cin abinci da ita. Abin takaici shi ne, mai gida na iya ɓoye kwabo yana jiran miliyoyi, alhali ya sayar da rigar tsamiyar kakansa a kuɗin gwanjo. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Abin da doka ta ce

Kafin kowa ya sa kuɗinsa a wannan harka, ya kamata ya san cewa akwai doka a kanta. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta ɗauki duk wani aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, haka ma wanda ke da muhimmancin tarihi ko fasaha kuma aka yi amfani da shi a bikin gargajiya. Dokar ta hana saye ko sayar da irin waɗannan kaya sai ta hannun wakilin da hukumar ta amince da shi, ta hana fitar da su waje ba tare da izini ba, ta kuma hana haƙa don neman su sai da lasisi. Wanda ya ci karo da wani abu a gona ko wurin haƙar ma'adinai, hukumar zai sanar.

Dokar ba don ado aka yi ta ba. A wurin haƙar kuza aka fara tsintar gumakan Nok a 1928, kuma sace-sacen da suka biyo baya sun kai ga sanya su, tare da na Sakkwato da na Katsina, a jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari wanda majalisar gidajen tarihi ta duniya ta fitar a 2000. Yankin da ake haƙa kamar Riruwai na buƙatar wannan faɗakarwa. Najeriya ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana safarar kayan tarihi, amma dawo da abin da ya riga ya fita aiki ne mai wuya. Kayan tagullar Benin da aka kwashe a 1897, sai a 2022 Jamus ta sa hannu kan mayar da nata.

Riƙe abin da mutum ya gada a gidansa ba laifi ba ne. Wanda ke shakkar matsayin abin da ke hannunsa na iya zuwa Gidan Makama, wanda ke ƙarƙashin hukumar tarayya, ko Gidan Ɗan Hausa, mazaunin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano.

Abin da ya rage a hannunmu

Mataki na farko ba ya cin ko sisi. A zauna da tsofaffin gida, a fito da kayan ɗaya bayan ɗaya, a yi tambaya: na waye, wa ya yi shi, a wane gari, a zamanin wane sarki ko hakimi, a wane biki aka sa shi? A ɗauki muryarsu da waya, a ɗauki hoton kayan gaba da baya, a rubuta amsar a takarda a ajiye tare da su. Ko sunan unguwar masaƙan kawai aka samu, an tsira da wani abu.

Na biyu shi ne adanawa. Kada a ɗaure tufa a leda, domin gumi na ruɓar da zare. A naɗe ta da farin ƙyallen auduga, a ɗaga adakar daga ƙasa saboda gara, a riƙa shanyawa a inuwa bayan damina saboda asu da danshi. Rigar da aka rina da baba aka buga ba a wanke ta da sabulun gari, sheƙin zai tafi ba zai dawo ba. Tagulla kuma kada a goge ta da yashi ko toka don ta yi ƙyalli, duhun nan da ta yi na cikin shaidar shekarunta.

Na uku ya shafi gado. Waɗannan kaya dukiya ce ta magada kamar kowace, saboda haka a yi musu ƙima ta gaskiya a gaban wanda ya san su. Idan magada sun yarda, ɗaya daga cikinsu na iya fansar kason sauran don kayan su zauna wuri guda, ko a ba gidan tarihi aro da rubutacciyar yarjejeniya.

Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke sha'awar fara tarawa, hanya mafi tsabta ita ce ya saya daga masu sana'ar da ke raye. Har yanzu akwai masaƙa da marina da dukawa da maƙera da masu zayyanar allo a ƙasar Kano, da yawansu sun manyanta, 'ya'yansu kuma sun kama wasu sana'o'in. Wanda ya je wurin gwani ya ba da aiki, ya biya shi kuɗin da ya dace, ya rubuta sunansa da garinsu da shekarar, ko ma ya roƙe shi ya sa wata alama tasa a jikin aikin, bai taka doka ba, bai sayi jabu ba, ya kuma taimaki sana'ar. Ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, tare da hakimai da dagatai, na iya buɗe rajistar gwanayen da ke yankunansu, aikin da bai fi ƙarfin littafi guda da ma'aikaci guda ba.

Duk rigar da ke gidan tarihi a yau, akwai ranar da take sabuwa a hannun maɗinki, kuma a ranar kowa a unguwar ya san sunansa. Abin da aka rasa shi ne wanda zai rubuta. Na mutanen da, sai abin da tsofaffi suka iya tunawa. Na masu aiki a yau kuwa, tambaya ɗaya ta isa a samu, muddin an yi ta suna da rai.